Haɗakar RAID ta tashi a karatu kaɗai: yadda ake gano inda cutar take kafin a taɓa komai

A Damagaram wannan matsala ta fi yawa da bazara. Zafi ya haura digiri 40, kuran yana zuwa yana tafiya, a tada gurup a kashe, sai wata safiya a kunna kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ofis a tarar ana iya buɗe takardu amma ba a iya ajiye sabo. Linux na amsa duk yunƙurin rubutu da `Read-only file system`, ko kuwa babban fayil ɗin da kowa ke aiki a ciki ya bayyana wayam. Idan fayafayan injin da shirin mdadm aka haɗa su suna aiki kamar faifai guda, wato RAID na manhaja ba na kati ba, wannan jagora taka ce.

Kulle rubutu yana iya faruwa a hawa uku: a haɗakar kanta, wadda Linux ke kira md, a tsarin fayil da ke zaune bisanta, ext4 ko XFS, ko a faifai guda daga cikin fayafayan. Na farko sau da yawa ba cuta ba ce ko kaɗan. Na biyu gargaɗi ne. Na uku kuwa faifai ne ke ban kwana. Maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayan. Muddin ba a rubuta komai ba, bayananka suna nan yadda wuta ta bar su, don haka ko Alhaji mai ofis na tsaye bisa kanka yana cewa "Malam, a yi sauri, mutane na jira", mintuna goma na farko na dubawa ne kawai.

Mataki na 1: duba, kada ka gyara

Duk umarnin da ke ƙasa karantawa kawai suke yi. Ka shiga da ikon root, wato mai cikakken iko a injin, ko ka sa sudo a gaba.

```
cat /proc/mdstat
mdadm --detail /dev/md0
cat /sys/block/md0/md/array_state
findmnt -o TARGET,SOURCE,FSTYPE,OPTIONS
lsblk -o NAME,SIZE,RO,TYPE,SERIAL,MOUNTPOINT
journalctl -k -b | grep -iE 'md[0-9]|ext4|xfs|ata[0-9]|I/O error'
```

Ka ɗauki hoton allon da wayarka bayan kowane ɗaya. In injin ya sake mutuwa a tsakiyar aiki, hotunan nan ne za su nuna maka yadda ka tarar da shi. Ga irin abin da umarnin farko ke fiddawa:

```
md0 : active (auto-read-only) raid1 sdb1[1] sda1[0]
      976630464 blocks super 1.2 [2/2] [UU]
        resync=PENDING
```

Wuri huɗu za ka kalla. Sunan haɗakar: md0 ce kamar yadda ka sani, ko ta koma md127? Halinta: `auto-read-only`, `read-only`, ko `inactive`? Sai `[2/2] [UU]`, wanda ke nufin fayafayai biyu ake nema kuma biyu suna nan. In ka ga `[2/1] [U_]`, ɗaya ya fita. Na ƙarshe `resync=PENDING`: an kashe injin ba bisa ƙa'ida ba, akwai aikin daidaita fayafayan da ke jiran a buɗe rubutu.

Mataki na 2: idan ka ga auto-read-only kuma fayafayai sun cika

Wannan hali da gangan aka yi shi. A Debian da Ubuntu akwai fayil `/etc/modprobe.d/mdadm.conf` mai ɗauke da layin `options md_mod start_ro=1`. Aikinsa shi ne duk haɗakar da aka tada ta tsaya ba tare da an rubuta mata ko ɗigo ba, har sai wani abu ya nemi rubutu na farko. Dalili kuwa, kwamfutar da aka kwantar da ita barci mai zurfi, ta juye ƙwaƙwalwarta cikin faifai, tana bukatar ta farka ta tarar da faifan yadda ta bar shi. Ka duba da `cat /sys/module/md_mod/parameters/start_ro`. In ya nuna 1, to haka injinka yake.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: wannan hali ba ya hana kowa rubutu. Rubutun farko da ya zo, haɗakar na buɗewa da kanta. Ko jona ext4, wato mount, maƙala shi a wani babban fayil, don karatu da rubutu ya isa, domin shi kansa rubutu ne. Saboda haka in ka tarar da haɗaka a `auto-read-only` awanni bayan kunna inji, ma'anarsa babu abin da ya taɓa ta tun safe. In swap ce a kanta, wato wurin da injin ke juye abin da ya yi wa ƙwaƙwalwarsa yawa, ba komai, ƙwaƙwalwa ce ba ta cika ba har a bukace ta, tana iya kwana bakwai a haka. In kuwa ita ce ke ɗauke da fayilolin ofis, tambayar da ta dace ita ce: me ya hana a jona ta? Amsar na Mataki na 3.

Umarnin buɗe ta da hannu shi ne `mdadm --readwrite /dev/md0`. Amma in akwai `resync=PENDING`, ni ba na danna shi sai na duba lafiyar fayafayan, kamar yadda ya zo a Mataki na 5. Da zarar an buɗe, daidaitawa za ta fara, kuma in babu taswirar rubutu ta bitmap, sai an karanta faifai kaf daga farko zuwa ƙarshe. Faifan terabayit 1 a gudun megabayit 100 cikin daƙiƙa yana cin kusan awa 3. Awa ukun nan cikin zafin watan Afrilu, a ɗakin da fankarsa ta tsaya, su ne ke ƙarasa faifan da dama yana ɗingishi.

In umarnin ya amsa da `Device or resource busy`, haɗakar a buɗe take tun farko, matsalarka tana hawa na sama. In ya amsa da `Read-only file system`, ɗaya daga cikin fayafayan ne a kulle. Haka ma in halin `read-only` ne zalla: wannan ba ya buɗewa da kansa, ko wani ne ya tada haɗakar da `--readonly`, ko md ya tarar da faifan da ba ya karɓar rubutu.

Mataki na 3: md0 ta koma md127

Wannan shi ne sanadin da na fi gani, musamman bayan an sake girka Linux, an sauya sunan inji, ko an cire fayafayai daga wata kwamfuta an kai wata. Lokacin tashi, ƙaramin tsarin farko da ake kira initramfs ne ke tattara haɗakoki, kuma yana da nasa kwafin `mdadm.conf`. In haɗakarka ba ta cikin wannan kwafi, sunan injin da ke rubuce jikin fayafayan kuma bai yi daidai da na yanzu ba, mdadm na ɗaukarta baƙuwa. Sai ya ba ta lamba daga 127 zuwa ƙasa, ya tada ta a `auto-read-only` don kada ya ɓata kayan wani.

Shi kuwa `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke lissafa abin da za a jona lokacin tashi, yana can yana neman `/dev/md0`. systemd, mai tsara tashin injin, zai jira daƙiƙa 90, in bai gan ta ba ya jefa ka yanayin gaggawa. In layin na da `nofail`, injin zai tashi lafiya lau kamar ba abin da ya faru, kuma wannan ya fi muni: wurin da ake jona haɗakar ya zama fanko a kan faifan tsarin, ma'aikata su ci gaba da zuba sababbin takardu cikinsa ta Samba, shirin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, su cika faifan tsarin. In haka ta faru, ka kwashe waɗannan takardu gefe kafin ka jona haɗakar, in ba haka ba za ta rufe su ka daina ganinsu.

Gyaran:

```
mdadm --detail --scan
blkid /dev/md127
```

Umarnin farko zai ba ka layi mai farawa da `ARRAY`. Ka sa shi cikin `/etc/mdadm/mdadm.conf` a Debian da Ubuntu, ko `/etc/mdadm.conf` a Fedora da dangin Red Hat, ka gyara sunan ya koma `/dev/md0` in shi kake so. Ka share tsofaffin layukan da ke ɗauke da UUID, wato lambar shaida, na haɗakar da ba ta nan. Umarni na biyu zai ba ka UUID na tsarin fayil; shi za ka sa a fstab maimakon sunan na'ura, yadda ko lamba ta sauya gobe ba ruwanka. Lura: UUID biyun nan daban suke, na haɗaka yana da ɗigo biyu-biyu a tsakani, na tsarin fayil yana da karan ɗori. Kada ka cakuɗa su.

Sai matakin da ake yawan mantawa, sabunta initramfs: `update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu, `dracut -f` a dangin Red Hat. In ba ka yi shi ba, duk gyaran da ka yi yana kan faifai ne kawai, tsarin farko bai san da shi ba, md127 za ta dawo. Ka gwada fstab da `findmnt --verify` kafin ka sake kunnawa.

Mataki na 4: haɗaka lafiya, tsarin fayil ne ya kulle

In `/proc/mdstat` ya nuna `active` da `[UU]` amma findmnt ya nuna `ro`, hanya biyu ce.

Ta farko ta shafi tushen tsarin, wato `/`. Kanel, wato zuciyar Linux, yana jona shi a karatu kaɗai tun farko, daga baya `systemd-remount-fs.service` ya buɗe shi bisa abin da fstab ya ce. Kuskuren harafi ɗaya a layin nan ya isa ya bar shi a kulle. Ka duba `systemctl status systemd-remount-fs`. In ya faɗi, kuma babu kukan ext4 a rajistar kanel, ka buɗe da `mount -o remount,rw /dev/md0 /`, ka gyara layin.

Ta biyu: a rajistar ka ga `EXT4-fs error` sannan `Remounting filesystem read-only`. Zaɓin `errors=remount-ro` ne ya yi aikinsa, ext4 ya ga ɓaraka ya janye hannu. A nan remount haramun ne. Buɗe rubutu bisa tsarin fayil mai rauni yana faɗaɗa ɓarnar ne kawai. XFS shi ba ya komawa karatu kaɗai, rufe kansa yake gaba ɗaya ya riƙa amsawa da `Input/output error`, amma hukuncin ɗaya ne.

Ka fara kwashe abin da ya fi muhimmanci zuwa faifan waje da `rsync -a`, tun da karatu na yiwuwa. Daga nan ka cire jonin da `umount`. In tushen tsarin ne, ka tashi da Linux na kan filash ɗin USB, ka tada haɗakar da `mdadm --assemble --scan --readonly`. Don leƙa ciki ba tare da rubutu ba, `mount -o ro` kaɗai bai isa ba, domin ext4 na ƙoƙarin maimaita littafin ayyukansa ko a haka. Ka sa `ro,noload`, a XFS kuma `ro,norecovery`.

```
e2fsck -fn /dev/md0
```

Harafin n na nufin ya lissafo kurakurai bai gyara ba. In layuka kaɗan ne, kuma fayafayai sun ci jarrabawar Mataki na 5, ka buɗe haɗakar da `--readwrite`, ka yi `e2fsck -f /dev/md0`. In kurakuran sun cika allo suna gudu ba iyaka, dakata: sau da yawa alama ce cewa haɗakar da ke ƙasa ba ta tashi daidai ba. A XFS, `xfs_repair -n` ne na gwaji.

Ko da wasa kada ka yi fsck a kan `/dev/sda1` ko `/dev/sdb1`. A RAID1, inda kowane faifai madubin ɗayan ne, mai tsohon tsarin bayanai 0.90 ko 1.0, bayanan md suna ƙarshen faifai, don haka kowane faifai yana kama da ext4 cikakke kuma zai karɓi gyaran. Ka gyara ɗaya, md bai sani ba, madubin biyu sun saɓa ke nan.

Mataki na 5: lafiyar fayafayai

```
smartctl -a /dev/sda
smartctl -a /dev/sdb
```

Kada kalmar `PASSED` da ke sama ta ruɗe ka, faifai na iya nuna ta yana gab da mutuwa. Ka sauka kan teburin, ka duba lambar da ke ƙarshen kowane layi. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya. 197 gurabun da faifan ya kasa karantawa suna jira, 198 waɗanda ya haƙura da su. Waɗannan ukun sifili ake so. 197 da ta wuce sifili ita ce ke tada matsala a tsakiyar daidaitawa. 199 kuwa ba laifin faifai ba ne, wayar SATA ce ko bakinta. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wannan ba baƙon abu ba ne: ka kashe inji, ka hure ƙura, ka sauya wayar, ka duba ko lambar ta daina hawa, domin ba ta komawa baya. 194 zafi ne. Faifan da ke zaune sama da digiri 50 yana bukatar iska, ko a ɗaga injin daga lungun da aka cusa shi.

A sakamakon lsblk, in shafin RO ya nuna 1 a kan faifai, shi ne ya kulle haɗakar. Wasu SSD na yin haka da kansu idan sun gaji, don a samu a kwashe abin da ke ciki. Ba gyara, sai musanya.

In fayafayan biyu duka suna da rauni, kada ka bari daidaitawa ta fara. Ka samo sabon faifai ka kwafe wanda ya fi lafiya da GNU ddrescue, wanda ke tsallake gurabu marasa kyau ya dawo musu daga baya, sannan ka yi aiki da kwafin.

Mataki na 6: faifai ɗaya ya fita

`[U_]` ba kullum yake nufin faifai ya mutu ba. Wani lokacin latti kawai ya yi. Faifai mai juyawa yana jan wuta sosai lokacin tashi, in ƙarfin gurup ya yi ƙasa ko akwatin wutar injin ya tsufa, ɗaya na iya makara. Na cikin akwatin USB sun fi kowa wannan hali. A tsarin da ke da systemd, `mdadm-last-resort` na jira daƙiƙa 30, daga nan ya tada haɗakar da abin da ya samu.

```
mdadm --examine /dev/sda1 /dev/sdb1 | grep -E '^/dev|Events|Update Time|Array State'
```

Lambar `Events` kamar littafin uwar adashi ce da aka yi wa kwafi biyu: wanda ya fi yawan shigarwa shi ya ga zubin ƙarshe. Faifan da lambarsa ta fi girma, lokacinsa kuma ya fi kusa, shi ne mai gaskiya. Ka tabbata shi ne ke cikin haɗakar da ke tafiya. Akwai mummunan hali inda jiya injin ya tashi da faifai na farko kaɗai, yau da na biyu kaɗai, kowane ya karɓi takardun da ɗayan bai gani ba. In ka ga alamar haka, ka tada su ɗaya bayan ɗaya a karatu kaɗai, ka kwashe sababbin fayiloli daga kowanne, domin wanda ka mayar daga baya za a shafe shi da abin da ke ɗayan.

In faifan da ya fita lafiyarsa ƙalau, `mdadm /dev/md0 --re-add /dev/sdb1`. Da bitmap, wuraren da suka sauya kawai za a kwafa, aikin mintuna. In ya ƙi, `--add` zai sake gina shi kaf.

In musanya za a yi, kada ka dogara da sda da sdb, sunayen na iya juyawa tsakanin kunnawa biyu. Ka rubuta lambar jikin faifan daga lsblk, ka kwatanta da takardar da ke manne a bayansa kafin ka zare waya. Sabon faifan, ko daga Kano ya zo ko daga Yamai, ka duba lamba 9 a smartctl ka ga awannin da ya yi yana aiki, don ana sayar da na hannu cikin leda kamar sabo. Ka auna girmansa da `blockdev --getsize64`, kada ya gaza tsohon. Kwafe rabon faifai da `sfdisk -d /dev/sda | sfdisk /dev/sdb`, ka karanta layin sau biyu, mai lafiya a hagu, sabo a dama. In tsarin rabon faifan GPT ne ka bi shi da `sgdisk -G /dev/sdb` don sabon ya samu nasa lambobin. Sai `--add`, ka bi ci gaban da `watch cat /proc/mdstat`. In daga waɗannan fayafayai injin ke tashi ta tsohuwar hanyar BIOS, ka ƙara `grub-install /dev/sdb`.

Masu RAID5 da suka ga `inactive` da saƙon `cannot start dirty degraded array`: wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, ga faifai ɗaya babu, md ya ƙi yin kasada. Hanyar ita ce `mdadm --stop`, sannan `mdadm --assemble --force` tare da sunayen fayafayan, bayan ka ga lambobin Events sun kusa juna, kuma in da hali a kan kwafi. Za ka ci karo da masu ba da shawarar `mdadm --create` a kan tsofaffin fayafayai. Wannan yana rubuta sababbin bayanan md bisa tsofaffi, kuskure ɗaya a jerin fayafayan ko a girman yanki kuwa ya isa ya mayar da komai shara. Ka bar shi.

Don kada ta dawo

Ka duba `mdadm --detail` ko akwai layin `Intent Bitmap : Internal`. In babu, bayan daidaitawa ta ƙare ka yi `mdadm --grow --bitmap=internal /dev/md0`. Yana ɗan rage saurin rubutu, amma a wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ribarsa ta fi.

Fayafayan kwamfutar tebur na iya shafe fiye da minti suna fama da gurbi ɗaya, kanel kuwa daƙiƙa 30 yake jira kafin ya yanke ƙauna, sai md ya kori faifai mai sauran rai. Gwada `smartctl -l scterc,70,70 /dev/sda`, wanda ke taƙaita faman zuwa daƙiƙa 7. In faifan bai san umarnin ba, ka tsawaita haƙurin kanel da `echo 180 > /sys/block/sda/device/timeout`. Duka biyun suna iya gogewa idan an kashe inji, don haka ka sa su cikin abin da ke gudana a kowane tashi.

Akwatin batirin da muke kira ondilar, ƴan Najeriya su ce UPS, amfaninsa rabi ne in ba a jona wayar USB ɗinsa da injin ba. Da shirin NUT ko apcupsd, injin zai ji batir ya yi ƙasa ya kashe kansa cikin tsari, maimakon ya faɗi ƙarfe biyu na dare ba kowa a ofis. Zafi na cin batirin da wuri, ka riƙa zare fulogi lokaci-lokaci da rana ka ga minti nawa yake riƙewa. Kwafin ajiya a faifan da ba ya jone da injin kuwa dole ne, domin abin da aka share ko ya lalace a RAID1 yana lalacewa a fayafayan biyu lokaci guda.

Daga ƙarshe ka sa layin `MAILADDR` da adireshin imel ɗinka a mdadm.conf, ka tabbata injin na iya aika saƙo, ka gwada da `mdadm --monitor --scan --test --oneshot`. Ka sake kunna injin kana zaune gabansa, ka duba `/proc/mdstat` da findmnt: md0, `[UU]`, da `rw`. Sannan ka kashe shi gaba ɗaya, ka bari fayafayai su tsaya cik, ka sake kunnawa, domin faifai mai makara a tashin sanyi kawai yake nuna halinsa.